Yadda Ake Shirya Sabon Ƙaramin Samfurin Jirgin DMU, Daga Kwali Zuwa Kan Dogo

Jirgin ƙasan da ake kira DMU (Diesel Multiple Unit a Turance) ba shi da kan jirgi a gaba da ke jan taragu. Injinan dizal ɗinsa suna rataye ne a ƙarƙashin daɓen taragun fasinja, kuma kowane ƙarshe yana da ɗakin direba, don haka idan ya kai tashar ƙarshe sai direba ya sauko ya koma ɗaya ɗakin a juyo. Birtaniya ta fara zuba irinsu da yawa a kan layukanta tun daga 1954, kuma har yau su ke jigilar mutane a layukan karkara da ba a ja musu wutar lantarki ba.

Wannan ƙirar ce ta daɗe tana ba masu ƙera ƙananan samfura wahala, domin babu wurin ɓoye inji. Tsofaffin samfuran kamfanin Lima, waɗanda Hornby ya gada bayan ya sayi kamfanin a 2004, injinsu yakan cinye wani sashe na tarago, ka leƙa ta taga ka ga baƙin dunƙule a inda ya kamata kujeru su kasance. Sababbi kuwa, irin Class 158 da Class 117 da Class 121 da kamfanin Bachmann ya ƙera, an kwantar da injin a ƙasan daɓe, ciki ya zama fili da kujeru da fitila, ga waifa a gilashi, ga bututu da wayoyi kowanne an maƙala shi daban. Kyau kam akwai. Amma duk abin da aka maƙala daban yana iya ɓallewa daban, shi ya sa jerin aikin ke da muhimmanci: gwaji tukuna, sannan lantarki, ado a ƙarshe.

Zan yi bayani a kan ma'aunin OO na Birtaniya, inda milimita 4 ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 76, faɗin dogo kuma milimita 16.5. Mai ma'aunin N, da dogonsa na milimita 9, zai bi matakan nan dai, sai dai ya ƙara haƙuri da hasken fitila.

Kayan aiki

Kana bukatar zoben dogo na gwaji da na'urar sarrafa gudu ta DC, wato tsarin da ake ƙara ko rage wutar dogo don sauya gudu, mai ba da wuta daga sifili zuwa bolt 12. Sai ƙananan sukundireba irin na masu gyaran agogo ko waya, da hantsaki mai tsinin baki, da wuƙa mai kaifi ta aikin hannu, da gilashin ƙara girma. Ka nemi abin huda na hannu da bakinsa na milimita 0.5, in babu, allurar ɗinki za ta yi. Ka tanadi tsinken sakace, da auduga mai tsinke ta goge kunne, da tsofaffin katunan ATM uku ko huɗu, da buroshi mai laushi irin na kwalliya, da sifirit na isopropyl don goge ƙafafu. Gam kuma farin gam na kafinta, wanda yake bushewa garau. Akwai soson da ake sayarwa mai rami a tsakiya don kwantar da jirgi rigingine. Idan ba ka da shi, ka naɗe tawul biyu ka jera su, ka sa jirgin a tsakani. Mai da giris sai waɗanda aka rubuta cewa ba sa cin roba. Ma'aunin tazarar ƙafafu na milimita 14.5 yana da amfani, kalifa ma tana aunawa. Dikoda kuwa, wato 'yar na'urar lantarkin da ake sa wa jirgi don ya riƙa karɓar umarni, kada ka saye ta sai ka kai mataki na biyar.

Ka yi aikin a cikin faffaɗan tire da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Baƙin bututu mai tsawon milimita 5 idan ya faɗi ƙasa, ya tafi ke nan.

1. Ka auna wurinka kafin ka zaɓa

Taragon Class 158 na gaske yana da tsawon kusan mita 23, a ma'aunin OO ya zama santimita 30 ke nan, mai tarago biyu santimita 60. Class 117 taragunsa sun fi gajarta amma uku ne, sun kusa santimita 80. Class 121 tarago ɗaya ne tak mai ɗakin direba a kowane gefe, kuma shi nake ba mai ƙaramin wuri shawara ya fara da shi.

Tsawo ba dandamalin tasha kaɗai ya shafa ba, ya shafi kwana. Lanƙwasassun dogon Hornby da Peco suna da mataki: na farko milimita 371 daga tsakiyar da'ira, na biyu 438, na uku 505, na huɗu 572. Yawancin sababbin samfura ba sa son abin da ya gaza na biyu, kuma ana rubuta hakan a kwali ko a takardar bayani. A kwana ta biyu ma dogon tarago yakan yi ciki, tsakiyarsa ta leƙo ta goga dandamali. Idan kana da wurin ta uku, ka yi ta uku.

Ka duba launi ma, don shi ke nuna zamani. Kore na shekarun 1950 ne da farkon 1960, shuɗi mai rawayar fuska daga tsakiyar 1960. Class 158 an gina shi tsakanin 1989 da 1992, saboda haka ajiye shi kusa da jirgin tururi a tasha ɗaya ba ya yin tsari, ko da yake dogonka ne, babu mai hana ka.

2. Fitarwa da dubawa

Ka fara ciro takardar bayani da 'yar ledar ƙananan kaya, ka ajiye su gefe, kada ka buɗe ledar. Yawanci ana naɗe tarago da siririyar leda. Ka kama gefunanta biyu ka ɗago shi da ita. Idan za ka riƙe da hannu, ka kama tsakiyar jiki a ƙasan tagogi. Kada ka danna gilashi, kada ka kama ta ƙasa inda tankin mai da lagireto da salansa suke, kada kuma ka kama ta fuska.

Kafin ka ajiye kwalin, ka karkata shi a kan farin ƙyallen nan ka girgiza. Sau da yawa za ka ga ɗan mataki ko hon ya faɗo, wanda ya ɓalle a hanya. Ka adana shi a murfin kwalba.

Yanzu ka bi jirgin da gilashin ƙara girma. Tagogi su zauna daidai da jiki ba tare da sun lotsa ciki ba. Layin fenti ya miƙe daga wannan tarago zuwa wancan, kuma idan ka jera su a dogo rufinsu ya zo tsayi ɗaya. Ka juya kowane bogi, wato firam ɗin da ke ɗauke da ƙafafu, hagu da dama da yatsa, ka ji ko yana kamawa. Ka auna tazarar bayan ƙafa zuwa bayan 'yar'uwarta. Idan ta kauce daga 14.5 sosai, jirgin zai riƙa tsalle a mararrabar dogo. Duk aibun da ka gani ka ɗauki hotonsa nan take, domin mai shago zai fi saurin karɓar kayan da ba a taɓa ba.

3. Haɗa taragu

A nan ne sababbin shiga suka fi yin ɓarna. A yawancin sababbin DMU, mahaɗin da ke tsakanin taragu ba ƙugiya ba ne kawai, yana ɗauke da ƙananan ƙafafun lantarki da ke kai wuta ga fitilu da sifika na sauran taragun, domin dikoda ɗaya ta isa jirgin duka. Ƙafafun nan sirara ne, ɗaya ta lanƙwashe, fitilar wani tarago ta mutu.

Ka ɗora taragun a kan miƙaƙƙen dogo, wuta a kashe. Ka tabbata ka jera su yadda takarda ta nuna, domin mahaɗan namiji da mace ne. Ka daidaita su da tsinken sakace har su fuskanci juna sak, sannan ka tura a hankali har ka ji sun ce ƙyas. Idan ka ji turjiya, ka ja baya ka sake dubawa, kada ka ƙara ƙarfi. Wajen rabawa ma ka ja a miƙe ba tare da murɗawa ba. Kuma kada ka taɓa ɗaga jirgin sama alhali taragun suna haɗe. Nauyin ɗaya zai karya mahaɗin.

4. Gwaji da horar da inji a kan DC

Ka goge dogo da ƙyalle da ɗan sifirit. Ka buɗe wuta kaɗan-kaɗan har jirgin ya motsa, ka ga ko yana tashi sumul ko da fizga. Ka duba fararen fitilu a gaba, ja a baya, su kuma sauya idan ka juya alkibla. Sai ka bar shi yana zagaye a matsakaicin gudu kamar rabin awa, ka juya alkibla ya yi wani rabin awar. Ni nakan kuma ɗaga shi in juya fuskarsa a zoben, don ƙafafun kowane gefe su sha kwana. Wannan yana zaunar da haƙoran giya ya kuma baza giris.

Ka kasa kunne. Ƙarar da ke maimaituwa daidai da juyin ƙafa alama ce ta tsagaggen giya ko wani abu da ya maƙale. Warin ƙuna ko zafin da ya wuce ɗumi, ka kashe nan da nan. Kada ka ɗiga mai a wannan matakin, daga masana'anta aka sa masa, wani lokaci ma har ya yi yawa.

Gargaɗi biyu. Wasu sababbin samfura suna da irin injin da ba shi da ƙarfe a tsakiyar naɗin wayarsa, wanda ba ya jituwa da tsofaffin na'urorin sarrafawa masu auna gudu da kansu, ko na'urar tsabtace dogo ta lantarki. Takardar bayani za ta faɗa maka. Na biyu, idan wutar gidanku mai hawa da sauka ce ko ta janareto, ka bi da taransifomar ta sitabilaiza. Taransifomar da aka yi wa Birtaniya ta dace da soket da ƙarfin wutar Najeriya, amma wadda aka yi wa Amurka ko Japan ba ta dace ba sai da abin rage wuta.

In ba ka da zoben dogo, akwai 'yan naɗe-naɗen da ake ɗora ƙafafu a kai jirgi ya yi gudu a tsaye. In su ma babu, miƙaƙƙen dogo na mita biyu da kai-komo zai yi, sai dai ka sha zama.

Abin da ya sa na nace a yi wannan kafin a buɗe jirgin: idan ka sa dikoda ka liƙa bututu sannan matsala ta fito, ba za ka san ta masana'anta ce ko taka ba, garanti ma yana iya zubewa.

5. Sanya dikoda

Wanda zai tsaya a DC ya duba yadda ake cire jiki kawai a nan, ya tsallake zuwa mataki na shida. Amma a gaskiya rabin abin da ka biya kuɗinsa a sabon DMU, kamar kunna fitilar ciki daban da ta ɗakin direba da ƙarar inji, sai da DCC, wato tsarin sarrafa jirgi na dijital, yake fitowa sosai. A tsarin DCC wuta tana kan dogo koyaushe, umarni yana tafiya a cikinta, dikodar kowane jirgi tana ɗaukar nata.

Soket ɗin da ake cusa dikoda a cikin jirgi iri-iri ne: mai ƙafa 8, mai ƙafa 21, Next18, da PluX22 wanda sababbin 158 da 117 na Bachmann suke amfani da shi. Mai ƙafa 21 da PluX22 sun yi kama a ido amma ba sa shiga wurin juna. Ka duba kwali kafin ka saya, ka kuma duba yawan fitilun da dikodar za ta iya sarrafawa, domin mai araha tana iya barin wasu a mace.

Wasu samfuran ana kai wa ga soket ta wani murfi a ƙasa ko a rufi, wasu sai an cire jiki. Idan cirewa ne, ka kwance sukurorin da takarda ta nuna, ka buɗa gefen jikin da farce, ka zura kati a inda maƙalli yake, ka bar shi a nan, ka koma na gaba. Idan katunan sun shiga duka, jikin zai zame da kansa. Kada ka yi amfani da sukundireba a nan, zai ci fenti. Ka ɗaga a hankali, don wani lokaci akwai siririyar waya tsakanin rufi da daɓe. Ka lura da wace fuska ce gaba kafin ka ajiye.

Ka taɓa wani ƙarfe don sauke wutar jikinka. Ka zare toshiyar da ke cikin soket a miƙe, kana ɗaga wannan gefe kaɗan, wancan kaɗan, ka adana ta. Ka daidaita dikoda da alamar ƙafa ta farko ko gurbin da aka toshe, ka danna. Kafin ka mayar da jiki, ka ɗora jirgin a dogon saiti mai ƙarancin wuta ka karanta adireshi, wato lambar da ake kiran jirgin da ita. Sabuwar dikoda tana zuwa da lamba 3. Idan ta karantu, haɗin ya yi. Idan ba ta karantu ba, ka sake duba zamanta kafin ka kai ta babban dogo.

Saitunan dikoda kowanne yana da lamba mai farawa da CV, kuma kaɗan sun isa. CV1 adireshi ne, CV3 jinkirin tashi, CV4 jinkirin tsayawa, CV5 iyakar gudu. Wannan na ƙarshen kada ka ƙyale shi. Class 158 na gaske iyakarsa mil 90 a awa, wanda a OO ya zama kusan santimita 53 a daƙiƙa. Class 117 mil 70, kusan santimita 41. Ka auna mita biyu a dogo, ka riƙe agogo, ka rage CV5 har 158 ya riƙa cin su a kusan daƙiƙa huɗu. Idan saiti ya rikice, a yawancin dikodoji rubuta 8 a CV8 yana mayar da komai yadda ya zo. Mai dikodar sauti a kan tsohon DMU irin 117 zai ji inji ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya sake ɗauka. Ba lalacewa ba ce, na gasken giya huɗu gare shi kuma direba ne ke canzawa.

6. Fasinjoji, tun jiki yana buɗe

Jirgi mai fitila a ciki da kujeru wayam ya fi kowane aibu fitowa fili. Amma daɓen samfurin ya fi na gaske tudu saboda injin da ke ƙasa, don haka mutum-mutumin OO idan ka zaunar da shi kansa zai wuce saman taga. Ka yanke masa ƙafafu daga gwiwa, wani ma daga ƙugu, babu mai gani. Ko ka sayi na ma'aunin HO, kashi ɗaya cikin 87, sun fi shiga. Ka liƙa da ɗigon farin gam, ka fi sa su a bakin taga, ka warwatsa su. Mutum shida zuwa takwas a tarago sun isa. Direba kuwa, tunda jirgin yana tafiya gaba da baya, ka zaɓi fuskar da ka fi kallo ka sa shi a can.

7. 'Yar ledar ƙananan kaya

Yanzu ka buɗe ta. A tsohon DMU za ka ga bututun birki, da wayoyin haɗin sarrafawa, da mahaɗin ado irin na gaske, wani lokaci da fitilar baya ta a-ci-bal-bal. Kafin ka liƙa komai ka yanke shawara: za ka haɗa wannan jirgin da wani ko kuwa? Ƙugiyar da ke fuska tana lilo hagu da dama a kwana, kuma a daidai wurin ne bututun suke rataye. Ba sa zama tare. Idan jirgin shi kaɗai zai riƙa yawo, ka zare ƙugiyar daga aljihunta ka adana, ka ƙawata fuskokin biyu. Idan kana so ka riƙa haɗawa, ka ƙawata fuska ɗaya ka bar ɗayar da ƙugiya.

Ka nemi hoton jirgin gaske mai wannan lamba ko 'yan ajinsa, domin zanen takarda ba koyaushe yake fitowa ba. Ka yanke kowane abu daga reshensa a cikin leda, don kada ya yi tsalle. Ka gwada shi a raminsa ba gam. Yawanci ba zai shiga ba, saboda fenti ya rage ramin. Ka juya abin huda sau biyu ko uku da yatsa, ko ka kankare fentin da ke gindin bututun da bakin wuƙa. Idan ya shiga, ka ciro shi, ka ɗiga gam a kan kati, ka tsoma gindin kawai, ka mayar. Ka fara daga na tsakiya ka fito waje, in ba haka ba hantsaki zai riƙa ture waɗanda ka riga ka sa.

Sufa gulu yana kamawa da sauri, amma tururinsa yana barin farin hazo a gilashi da fenti mai wuyar gogewa, kuma ba ya ba ka damar gyara. Farin gam yana jira, kuma idan ka canza ra'ayi yana ɓanɓaruwa. Bayan ya bushe, ka tura jirgin da hannu a kwanarka mafi tsanani. Duk bututun da bogi ya taɓa, ka rage masa tsawo ko ka cire shi. A ra'ayina, abin da ba a gani daga nisan mita ɗaya kuma yana hana tafiya, wurinsa leda.

8. Ɗan datti

Wannan ganin dama ne, kuma yana rage darajar jirgi wajen sayarwa. Amma ƙasan samfuri baƙi wuluk mai sheƙi yana ɓoye duk aikin da aka yi masa. A jirgin gaske gefuna suna shan wanki, ƙasa kuwa ruwan ƙasa ne saboda ƙurar birki da ta dogo, rufi kuma yana da baƙin hayaƙi a inda salansa take fitowa. A 117 wurin yana ƙarshen taragu na ciki, a 121 kuwa bututun salansa suna hawa ta fuska ɗaya. Ka kankare alli mai launin ƙasa da baƙi ya zama gari, ka ɗiba da busasshen buroshi, ka kaɗe yawancinsa a takarda, ka shafa abin da ya rage. Nan take tanki da lagireto za su fito. Ka rufe tagogi da takarda, ka kuma kiyaye ƙafafu da siraran ƙarafan da ke ɗebo wuta a bayansu.

9. Kulawa

Idan fitila ta fara ƙyaftawa ko jirgi yana tsayawa a mararraba, kusan koyaushe datti ne. Ka jiƙa auduga da sifirit ka goge ƙafafu har ta daina baƙi, ka tsince zare da gashi daga gindin ƙafafu da hantsaki. Kada ka goge dogo da sanfefa, zanen da take bari shi ke tara datti. Mai sai idan ka ji ƙara ta canza ko giya ta bushe, shi ma ɗigon da bakin allura zai ɗauka. Man girki da baƙin man mota da na feshi duk suna lalata roba.

Mai zaune a inda ake hunturu ya rufe dogo da ƙyalle duk lokacin da ya gama, domin ƙura idan ta haɗu da giris tana cin haƙoran giya. Kada a bar jirgi a bakin taga ko a cikin mota da rana, jikinsa yana lanƙwashewa. Bayan ka liƙa bututu, robar kwalin ba za ta ƙara karɓar fuskar yadda take ba. Ka yanke wurin da wuƙa ka faɗaɗa shi kafin ka mayar da jirgin ciki.